Inda Aliyu Namangi Ya Rabu da Dante

Duk wanda ya nazarci Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya rasu a 1990, lalle ya tuna da Dante, mawaƙin Italiya. Kowannensu ya ajiye harshen malamai, watau Larabci ko Latin, ya siffanta lahira da harshen gida. Amma fa nan kamannin ya tsaya. Dante, da aka kore shi daga birnin Fulorens a 1302, ya jefa mutane wuta da sunayensu, har da Paparoma. Namangi kuwa hali yake zargi, hukunci ya bar wa Allah. Shi ya sa makaho ke iya rera Imfiraji a ƙofar kowane attajiri a Dakata, a saurara, a ba shi sadaka.