Kazar Hausa Ta Birnin Kudu, Na Sallama Miki!

Duk wanda ya ce kaza ai kaza ce, bai taɓa zama gaban farfesun kazar Hausa a Birnin Kudu ba. Romon kaɗai ya isa shaida: ja-ja-jir da attaruhu, ƙamshin citta da masoro na tashi, maiƙo ruwan ɗorawa na yawo a sama. Naman nan yana da ƙwari, sai ka tauna ka sake taunawa, daɗin yana ƙaruwa. Ƙashin ma ba a yar da shi sai an tsotse ɓargo. Kajin gidan gona suna da girma da taushi, ban musa ba, amma a fagen ɗanɗano ba su ko kama ƙafarta.

Abin da ya ƙara dasa min ƙaunarta shi ne sanin irin tafiyar da ta sha kafin ta iso akurkin gidajenmu. Kakanninta jajayen kajin daji ne na kudu maso gabashin Asiya. Wani bincike da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa ƙasusuwan kazar gida mafi daɗewa da aka tabbatar sun fito ne daga Ban Non Wat a ƙasar Tailan, tsakanin 1650 da 1250 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Kuma me ya fito da ita daga dawa? Hatsi! Manoman shinkafa da gero suka sheme daji, ita kuwa ta biyo tsaba har ta saba da mutane. Wanda ya ga yadda kajinmu ke kewaye turmi lokacin sussuka ko surfe zai ce lallai hali zanen dutse. Daga Asiya ta ratso har Habasha tun ƙarnuka kafin Miladiyya, sannan aka tono ƙasusuwanta a Jenne-Jeno ta ƙasar Mali, na tsakanin shekara ta 500 zuwa 850.

Sunan ma da labarinsa. Buzayen Mali na ce wa macen tekazit, namijin kuma ekaz. Faɗi su a bakinka, za ka ji kaza a ciki. Masana harshe na ɗaukar wannan kama a matsayin alamar cewa ta Hamada tsuntsuwar da sunanta suka biyo ayari. Zakara kuwa ana danganta shi da kalmar Larabci mai nufin namiji.

Tsoffin zane-zanen Dutsen Mesa da Dutsen Habude na Birnin Kudu shanu ne suka cika su, kuma sun cancanci haka. Amma a yau, daga Birnin Kudu har ƙauyukan Gwaram, wace dabba ce ta kai kaza shiga gidan talaka? Ita ce asusun matan aure. Yaro ya kwanta da zazzaɓi, a kama sagara ɗaya a kai kasuwa. Baƙo ya sauka, a yanka zakara. Maijego ta sha romo, amarya ta ci tata a daren farko. Duk wannan ba da buhun abincin kanti ba. Ɗan tsaki da dusa, sauran ta yi tono ta nema wa kanta. Ta yi ƙwai, ta yi kwanci kwana 21, ta ƙyanƙyashe, sannan ka ga jarumta in shirwa ta kawo sura: fukafukai a buɗe, 'yan tsaki a ƙarƙashi, tana kwarmato har unguwa ta ji. Ga shazumama mai gashi a hargitse, ga durgu mai gajerun ƙafafu, ga wake-wake, kowacce da kyanta.

Abu ɗaya ke sosa min rai: cutar fakat, wadda kan share akurki cikin 'yan kwanaki idan hunturu ya kama. Alhali akwai rigakafinta, ɗigo ne a ido ko a ruwan sha. Don Allah iyayenmu mata da masu gida, ku nemi malaman dabbobi a yi wa kajinku kafin sanyi ya shigo.