Ɗan Ƙasa da Baƙo: Sharhi a Kan Littafin Geschiere Daga Mahangar Garwa

Wannan takarda sharhi ce a kan littafin Peter Geschiere mai suna The Perils of Belonging, wanda Jami'ar Chicago ta buga a shekarar 2009. Marubucin Bature ne ɗan ƙasar Holan, masanin halayyar al'umma, wanda ya daɗe yana bincike a tsakanin ƙabilar Maka ta gabashin Kamaru. Abin da ya sa aka zaɓo littafin shi ne, ya ɗauki tambaya ɗaya, wato "wane ne ɗan ƙasa na asali?", ya aza ta a kan Kamaru da Holan a lokaci guda, bai ɗauki ɗaya a matsayin malami ɗaya kuma ɗalibi ba. Za a auna hujjojinsa da abin da ake gani a Garwa da sauran arewacin Kamaru.

Jigon littafin bai da wuyar kamawa. Daga shekarar 1990, da aka dawo da siyasar jam'iyyu da yawa a Kamaru, sai batun asali ya zama makami. Tsarin mulkin 1996 ya yi alkawarin kare 'yan asalin wuri da ƙananan ƙabilu, kuma a shekarar ne 'yan ƙabilun Sawa suka yi zanga-zanga a Duwala don Bamileke, waɗanda suke kira baƙi, sun ci kujerun ƙananan hukumomi. Geschiere ya nuna cewa wannan magana ba ta da gindi: duk wanda ya ce shi ne ya fara zuwa, gobe wani zai fito ya ce ya riga shi. Daga nan sai ya tsallaka Holan, inda siyasar Pim Fortuyn, wanda aka kashe a 2002, ta mayar da batun baƙi Musulmi abin cacar baki a kullum.

A nan ne littafin ya fi armashi, a nan ne kuma, a ganina, ya ɗan yi sassauci. A da, hukumar ƙididdiga ta Holan takan kira mutum baƙo ko da a Amsterdam aka haife shi, muddin ɗaya daga cikin iyayensa a waje aka haife shi. Sa'an nan ta raba baƙin gida biyu, na Yamma da waɗanda ba na Yamma ba, ta sa Japan da Indunusiya a rukunin farko, ta bar Turkiyya da Maroko a na biyu. Duk mai duba taswira ya san ba ita aka bi ba. Ɗan Bajamushe yakan narke cikin 'yan ƙasa ba a sake tuna asalinsa, amma jikan Bamaroke yana nan baƙo a bakin jama'a. Ke nan "ɗan ƙasa" wata sakayayyar hanya ce ta cewa farar fata. Geschiere ya fi karkata ga al'ada da ƙasar haihuwa, bai matsa wannan gyambo yadda ya kamata ba. Hukumomin Holan da kansu sun daina amfani da kalmomin a 2016.

Idan aka zo arewacin Kamaru kuwa, sai ma'aunin littafin ya soma tangal-tangal. Babbar hujjarsa a kudu ita ce jana'iza: inda aka kai gawar mutum, nan ne garinsu, shi ya sa ake ɗaukar gawa daga birni zuwa ƙauye da tsadar gaske. To, Musulmin Garwa ba ya jiran wannan. Bafulatani ne ko Bahaushe ko Babarbare, inda ajali ya same shi nan ake sallarsa a binne shi, galibi a ranar. Kabari ba ya zama takardar shaida. Inda ƙa'idar Geschiere ta ci a arewa wuri ɗaya ne, shi ma na siyasa: Ahmadu Ahidjo, haifaffen Garwa, shugaban ƙasa daga 1960 zuwa 1982, ya rasu a Dakar a 1989 aka binne shi can, kuma matarsa Germaine ta rasu a 2021 ba ta ga an mayar da shi gida ba.

Haka nan a Garwa ba wanda ya riga zuwa ne ke da sarauta ba. Fali da Bata sun riga Fulani zama a bakin Binuwai, amma jihadin ƙarni na 19 ƙarƙashin Modibbo Adama na Yola ya sa lamiɗo a sama. Da Jamusawa suka zo, da Faransawa bayansu (an karɓe Garwa daga hannun Jamus a 1915), sai suka shafa wa wannan tsari launi. Ra'ayin nan na "Hamawa", wanda Seligman ya yaɗa a littafinsa na 1930, ya ɗauki Fulani a matsayin masu kusanci da farar fata, don haka wai su suka dace da mulki, sauran kuma aka tara su a buhu ɗaya aka kira su Kirdi. Ɗalibin Hausa zai lura da wani abu a nan: kalmar Fulatanci kaaɗo, jam'inta haaɓe, wadda a Kano take nufin Bahaushe, a Garwa da Marwa ta fi faɗawa kan ƙabilun da ba Musulmi ba. Shi kuwa Bahaushe da ya sauka kudu, kamar a unguwar Briqueterie ta Yawunde, sunansa ya zama laƙabin kowane Musulmi mai babbar riga. Kalma ɗaya, ma'anarta na bin wanda ke riƙe da iko.

Akwai abin da ba za a ɗora wa marubucin laifinsa ba, domin bayan fitar littafin ya faru. Rikicin Boko Haram ya koro dubban 'yan Nijeriya zuwa lardin Arewa Mai Nisa, aka buɗe sansanin Minawao a 2013. A 2017 ƙungiyar Human Rights Watch ta ce sojojin Kamaru sun mayar da 'yan Nijeriya kimanin 100,000 gida a kan tilas tun daga 2015, gwamnati kuma ta musanta. A wannan iyaka mai kora da wanda ake kora duk baƙar fata ne, sau da yawa ma harshensu ɗaya, Barbarci ko Larabcin Shuwa ko Hausa. Abin da ke raba su katin shaida ne, a yankin da mutane da yawa ba su taɓa mallakar takardar haihuwa ba. Littafin ya yi dogon bayani a kan ƙasa da kabari, amma shingen jandarma da takarda ba su sami irin wannan fili ba.

Ga mai fassara, wahalar tana cikin kalmar baƙo kanta. Hausa ba ta raba wanda aka shimfiɗa wa tabarma da wanda ake tambaya takardunsa, duka baƙi ne. Ana son ɗalibi ya gwada fassara babin Holan, ya ga a jimla ta nawa kalmar za ta ƙi ɗaukar ma'anar da Baturen ke nufi.