'Yan'uwa Mata a Bakin Teku: Auna Labaran Julie Klassen da Ma'aunin Makiyayi

Gabatarwa

Yawancin Krista a Anka, Gummi da Bukkuyum ba su taɓa ganin teku ba. Duk da haka labaran da marubutan Krista na Amurka suke ƙagawa a kan garuruwan bakin teku suna isowa hannun matasanmu ta waya da kasuwar tsofaffin littattafai. Makiyayi ba zai iya yi wa tumakinsa jagora a kan abin da bai karanta ba. Saboda haka za mu ɗauki misali guda mu auna shi.

Labarin a taƙaice

Julie Klassen ta rubuta jerin littattafai da kamfanin Bethany House ya buga: The Sisters of Sea View a 2022, A Winter by the Sea a 2023, da The Seaside Homecoming a 2024. Ta kafa labarin a Sidmouth, wani ƙaramin gari a kudu maso yammacin Ingila, wajen 1819 zuwa 1820. Garin na gaske ne, wani ɓangaren tarihin kuma haka: a can ne mahaifin Sarauniya Biktoriya ya rasu a Janairun 1820, tana jaririya.

Mahaifin 'yan mata biyar ya mutu bai bar ɗa namiji ba, sai gidan gado ya koma hannun wani dangi namiji. Huɗu daga cikinsu, Sarah, Emily, Viola da Georgiana, suka zauna da mahaifiyarsu marar lafiya, suka mai da gidan da ya rage musu masaukin baƙi domin su ci abinci. Viola an haife ta da tsagaggen leɓe, tana rufe fuska da mayafi. Babbar yarsu Claire ta bi wani namiji ya yaudare ta, mahaifinsu ya yanke ta daga gida, aka kai ta Sikotilan wurin wata tsohuwar dangi.

Inda marubuciyar ta yi ƙarfi

Abu na farko, ta sa bangaskiya a inda yawancin mutane suke rayuwa da ita: wurin lissafin kuɗin cefane, jinyar uwa, da gardama tsakanin ya da ƙanwa. Wannan gyara ne ga wa'azinmu, wanda sau da yawa jarumansa maza ne a filin yaƙi ko a fada. Batun gadon kuma ba baƙo ba ne. A Littafin Ƙidaya 27:1-11 'ya'yan Zelofehad, su ma mata biyar, sun tsaya gaban Musa suka nemi rabon mahaifinsu, Ubangiji kuwa ya ba su gaskiya. Dattawan ikkilisiya nawa ne suke tuna da wannan nassi ranar da 'yan'uwan mamaci suka zo kwashe gona da rumbu daga hannun gwauruwa mai 'ya'ya mata?

Na biyu shi ne Viola, wadda ita ce mafi kyawun halitta a jerin duka. Ana biyanta ta riƙa karanta wa marasa lafiya, ciki har da wani soja da ya dawo daga Indiya da tabo a fuska. Ta wurin hidimar wani ne ta fara fita daga kunyar kanta. Marubuciyar ba ta share tabon da mu'ujiza ba. Ta bar shi a inda yake, ta canja idon da ake dubansa da shi. Wanda ya taɓa raka yaro asibitin Sakkwato inda ake gyaran fuskar yara zai gane nauyin wannan. Haka ma wanda ya san Bagega, Dareta da 'Yargalma, inda gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a 2010, ta bar waɗansu da lahani har yau. Akwai gidajen da suke ɓoye irin waɗannan yara a ƙuryar ɗaki ranar Lahadi.

Inda labarin ya gaza

Rauninsa yana cikin ƙarshensa. Wahala tana zuwa, a yi addu'a, sai ga miji nagari mai abin hannu. Viola ta auri sojan. Claire ta komo, ta sami gafara, ta kuma sami mai sonta. Ba laifi ba ne labari ya ƙare da biki, littafin Rut ma haka ya ƙare. Amma idan kowace hanya ta bi ta nan, mai karatu zai koyi wata koyarwa da ba a faɗa a fili ba, wato alamar cewa Allah ya karɓe ki ita ce a ɗaura miki aure. Talaucin nasu ma na masu babban gida ne, har da mai dafa musu abinci. Bai yi kama da na matar da ta gudo Anka da tabarma da tukunya ɗaya bayan 'yan bindiga sun ƙone ƙauyensu ba.

A nan adabinmu na Hausa ya fi gaskiya. A cikin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934, uwa ta bar gida neman ɗanta da aka sace, ita ma ta faɗa bauta, har ta ƙetare hamada zuwa Tarabulus a bakin Bahar Rum. Ta ga ɗanta, ba da daɗewa ba ta mutu. Marubucin Musulmi ne, koyarwarsa a kan ƙaddara ba ɗaya take da tamu a kan tanadin Allah ba, amma bai yi wa mai karatu zaƙin baki ba. Littafi Mai Tsarki ma bai yi ba. Ibraniyawa 11 ya jera waɗanda suka tsira daga takobi, ya kuma jera waɗanda aka kashe da shi, ya yaba bangaskiyarsu duka. A 2 Sama'ila 13 Tamar ta ƙare zamanta a gidan ɗan'uwanta Absalom cikin kaɗaici, ba a ba mu labarin wani ango ba.

Gargaɗi ga mai wa'azi

Labarin Claire zai ja hankalin mai wa'azi, gama yana kama da na ɗa ɓatacce a Luka 15. Yana kuma tona wani abu da muka sani: yadda maganar uba a cikin fushi takan zama katanga bayan mutuwarsa, kowa yana tsoron rushe ta. Amma a kula. Claire ta fita da ƙafarta. Yarinyar da aka kama a gona ko a hanyar kasuwa, ta dawo daga daji bayan an biya fansa, wani lokaci da ciki, ba ta yi zunubin da za ta tuba a kansa ba. Maimaitawar Shari'a 22:25-27 ta wanke wadda aka tilasta a saura sarai. Idan muka haɗa su biyu a wa'azi ɗaya a kan gafara, mun ɗora wa marar laifi laifi. Ba horo take bukata ba, ba kuma a hana ta Jibin Ubangiji ba. Tana bukatar magani, abinci, da 'yan'uwa mata da za su zauna kusa da ita a benci ba tare da raɗa ba, ko mai neman aure ya zo ko bai zo ba.

Kammalawa

Littattafan masu tsabta ne, kuma Zumuntar Mata za ta amfana da tattauna su idan akwai mai fassarawa. Ana iya ba matasa su karanta, muddin makiyayi zai zauna da su a kan ƙarshen labarin. Akwai kuma aikin da ya rage mana. Tsofaffin matan da suka riƙe ikkilisiyoyin ƙasar nan da niƙa da surfe suna ƙarewa, labarinsu yana bakinsu kaɗai. Ɗalibin da zai tafi aikin horaswa ya tafi da littafin rubutu.

Tambayoyi domin nazari

1. Yaya ake raba gado a ikkilisiyarku idan mamaci ya bar 'ya'ya mata kaɗai? Gwada da Littafin Ƙidaya 27.
2. Wane bambanci ne ke tsakanin maido da mai tuba da karɓar wadda aka zalunta? Nuna yadda zai bayyana a aikace.
3. Shirya wa'azi daga Ibraniyawa 11:32-40 domin gwauruwar da addu'arta ba ta dawo da mijinta ba.