Siffantawa a Cikin Aikatau: Rashanci da Hausar Illela

Manufar wannan takarda ita ce auna wani ra'ayi da aka gina a kan Rashanci, mu ga ko zai ɗauki nauyin Hausa. A Rashanci yawancin aikatau tagwaye ne: "pisal" na nuna ana cikin rubutu ko an saba yin sa, "napisal" kuwa rubutun ya kammala. A 2004 Laura Janda ta bayyana cewa siffantawa ce tushen wannan rabo. A ganinta, kammalallen aiki ana ɗaukarsa tamkar dunƙulallen abu mai iyaka, kamar dutse, wanda bai kammala ba kuwa tamkar ruwa ko yashi. Duban Hausa ta wannan fuska ba sabon abu ba ne, domin tun 1957 Nina Pilszczikowa ta buga nazari a Warso kan dangantakar kammaluwar aiki da lokaci a aikatau na Hausa.

Za mu gina misalanmu a kan Sakkwatancin da ake ji a Illela, daura da Birnin Ƙonni. Rabin ra'ayin Janda ya zauna daram. Mai ba da labarin fatake zai ce "sunka zo, sunka sayi shanu, sunka koma Ƙonni": kowane aiki sai ya ƙare kafin a aza na gaba, kamar jeren tubali, kuma haka Barashe ke jera kammalallun aikatau a labari. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne ban kwana. Bahaushe yana tsaye yakan ce "na tafi", Barashe ma ya ce "ya poshol", alhali ba wanda ya ɗaga ƙafa. An dunƙule tafiyar ne an miƙa ta ɗungurungum. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu sake duba sunan "shuɗaɗɗen lokaci" da muke koya wa ɗalibai, domin a "na tafi" ko "in an buɗe iyaka" babu abin da ya shuɗe.

Ɗaya rabin ne ba mu gamsu da shi ba. A Rashanci bambancin yana jikin aikatau, a Hausa kuwa yana kan lamiri. Dubi "shina kasuwa", "shina ciniki", "shina da kuɗi". Lamiri ɗaya ne ke ɗaukar wuri da aiki da mallaka, kuma a wannan gurbi aikatau yakan rikiɗe ya zama suna: "shina zuwa", ba "shina zo" ba. Ashe Bahaushe bai ɗauki aiki mai ci a matsayin ruwa mai malala ba. Wuri ne da mutum yake ciki, shi ya sa "shina cikin ciniki" ba ya yi wa kunne nauyi.

Mutanen Illela sun sha jin wani misali daga Agustan 2019, da aka rufe iyakokin Nijeriya na tudu, zuwa Disamban 2020 da aka buɗe tasu. "An rufe iyaka" aiki ne dunƙulalle. Amma halin da ya biyo baya, Barashe yakan ce "granitsa zakryta", yana ciro kalmar daga kammalallen aikatau, Bahaushe kuwa sai ya koma ga lamirin nan na wuri ya ce "iyaka tana rufe".