Matsayin Yaro Cikin Littattafan Hira na Makarantun Zamfara

Hanyar jirgin ƙasa wadda ta taso daga Zariya, ta ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau, ta isa Ƙauran Namoda a 1929. Ba a daɗe ba bayan wannan sai Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta soma fid da littattafan hira na Hausa domin makarantu. Tun daga sa'an nan abin da yaron Gusau ko Bunguɗu ya ke karantawa a aji daga gabas ya ke zuwa, da Hausar gabas, a shirye. An yi rubutu mai yawa a kan daɗin harshen littattafan nan da asalin labarunsu. Abin da ba a cika dubawa ba shi ne inda suka ajiye shi yaron da aka yi su dominsa, ko yana cikin labarin yana aiki, ko kuwa yana gefe a zaune an ce ya kasa kunne.

Dole a fara da Magana Jari Ce, wanda Alhaji Abubakar Imam ya rubuta a Zariya a 1936, aka buga littafi na ɗaya a 1937. Kowane malami ya san ƙashin bayansa. Sarki Abdurrahman ɗan Alhaji ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri kuwa ya ƙulla makirci yana so yaron ya fita a halaka shi. Kullum dare Musa ya yi shiri ya zo sallama, aku ya tsare shi da labari har gari ya waye. Akwai wani wuri a farkon wannan da ya kamata malamai su tsaya a kansa. Macen aku ce Musa ya fara tambaya, ta hana shi kai tsaye, ya kashe ta. Namijin da ya ga haka bai ce masa kada ya tafi ba ko sau ɗaya, sai ya riƙa jansa da zance. Watau Imam ya bayyana ra'ayinsa game da tarbiyya tun kafin a shiga labarun, cewa horo tsirara ba ya kama yaro, sai an lulluɓe shi. Littafin duka a kan wannan dabara ya ke tsaye, kuma ita ce ta sa har yau ba a gaji da shi ba.

Amma fa a lura da abin da aka bar wa Musa. Shi ne ɗan sarki, shi ne wanda a ke tsoron a rasa, duk da haka ba shi da aiki sai saurare. Cetonsa duka a zamansa ya ke. In ya motsa ya mutu. A littafi na uku ma, inda aku ya zama Waziri yana koya wa ɗansa Fasih, tsarin bai sāke ba: babba na magana, ƙarami na ɗauka. Ba laifi ba ne a wurin Imam, don kuwa littafin aji aka sa shi ya yi, aji kuwa a zamanin elementare haka ya ke. Sai dai wanda ya karanta labarin nan a Zamfara ta wannan ƙarni ba zai ji shi kamar yadda aka ji shi a 1937 ba. A watan Fabrairu na 2021 aka sace 'yammata daga makarantar Jangebe ta ƙasar Talatar Mafara, aka sako 279 bayan 'yan kwanaki, a cikin shekarar kuma gwamnatin jihar ta rufe makarantu. Yaro ya zauna a gida ana tsoron hanya, kamar Musa, amma ba aku. A irin wannan hali ne a ke gane littafin da zai iya riƙe yaro shi kaɗai, da wanda sai da malami a tsaye.

Wasan Marafa na Abubakar Tunau, mutumin Mafara, wanda aka buga a 1949, yana cikin kashi na biyu. Shi ne ɗan gida a jerin nan, kuma yana daga cikin wasannin kwaikwayo na farko da aka buga da Hausa, amma darasin tsabta ya fi ƙarfin wasan. In an tsai da yara a gaban aji an raba musu baki ya kan yi rai. A hannun mai karatu shi kaɗai kuwa ya kan koma nasiha.

Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, 1951, ya bi wata hanya. Asalinsa labarin wani jarumin Rasha ne, birnin Kib da Sarki Waldima kuwa sunayen can ne aka lanƙwasa su da harshen Hausa. Yara maza sun so shi ƙwarai, dalili kuwa ba boyayye ba ne: Iliya ya fara a gurgu, ba ya iya ko tashi, sa'an nan aka ba shi ƙarfin da ya fi na kowa. Babu yaron da bai san zaman rashin iko ba. Amma da zarar Iliya ya hau dokinsa ya zama babba, yarinta ta ƙare a shafukan farko. Sai a 1969, shekarar da mutum ya sauka a kan wata, Umaru Dembo ya fid da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda yaro Kilba ya bi Ƙolin Ƙoliyo zuwa sararin sama, ya gani da idonsa, ya yi tambaya da bakinsa. Harshen Dembo bai kai na Imam zaƙi ba, ginin labarin kuma yana da sassauci a wurare, amma a nan ne yaro ya fita ƙofar gida bai halaka ba.

Duk waɗannan maza ne suka rubuta su, kuma maza ne a cikinsu. Yarinya ta kan sami kanta a tatsuniya, inda 'yar bora ta ke shan wuya ta ci nasara da haƙuri da ladabi, Ibrahim Yaro Yahaya kuwa ya kyauta da ya tattara irin waɗannan cikin Tatsuniyoyi da Wasanni, littafi shida, a 1971. To, amma budurwa mai shekara goma sha biyar ta wuce tatsuniya, ba ta kuwa ga kanta a Ganɗoki ko Iliya.

Nan ne Gusau ta shigo cikin tarihin da kanta. Hajiya Hafsatu Abdulwahid haifaffiyar Kano ce, a 1952, amma a Gusau ta yi zamanta mai tsawo, har ta nemi tsayawa takarar gwamnan Zamfara. Littafinta So Aljannar Duniya ya zo na biyu a gasar da Kamfanin NNPC na Zariya ya shirya, aka buga shi a 1980 tare da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. Shi a ke lissafawa littafin hira na farko da mace ta wallafa da Hausa. Labarin Boɗaɗo ne, Bafilatana, wadda ta so Yasir, wanda ba ɗan ƙabilarta ba ne, danginta suka ƙi. Masu nazari sun fi ɗaukarsa a matsayin mafarin littattafan soyayya da suka cika kasuwar Kano daga baya, wannan kuwa gaskiya ne, amma ya rage masa daraja. In aka ajiye shi kusa da Magana Jari Ce sai a ga abin da ya juya. Musa ana yi masa magana ya yi shiru. Boɗaɗo ita ke mai da wa manyanta magana, ta kawo hujja, ga ta kuwa 'yar mutanen da kunya ita ce adonsu. Ba a buƙatar malami ya yarda da ita kafin ya ga cewa 'yar aji ta sami wadda za ta yi gardama da ita ko ta goyi bayanta. Littafin yana da aibu, ba shakka. Gajere ne, hannun marubuciyar bai nuna ba tukuna, wasu matsaloli kuma a kan warware su da sauri fiye da yadda rayuwa ke yi. Duk da haka kwalejin horon malamai mata ta Gusau ba ta da littafin da ya fi shi cancantar a karanta shi a tsanake, a gwada shi da na Imam shafi da shafi.

Saura maganar harshe da wuri. Yaron Tsafe da ya ce sunka tafi, ya ce yaz zo, ya kira fari hwari, ya kan tarar littafi bai san bakinsa ba. Daidaitacciyar Hausa wajibi ce a rubutu, amma malamin da ya mai da Zamfarci kuskure tsantsa ya koya wa yaro cewa mutanen littafi ba irin mutanen gidansu ba ne. Gara a sa shi ya mai da labari ɗaya na aku da harshen kakarsa, ya ga abin da ya ƙaru da abin da ya ɓace. Haka kuma wuri. Sinari da Kib da sararin sama duk yaro ya je su a takarda. Dutsen Kwatarkwashi kuwa, wanda ya ke gani daga hanyar mota a ƙasar Bunguɗu, da tsohon garin 'Yandoto na ƙasar Tsafe, wanda malamansa suka shahara tun kafin jihadi har sarautar Tsafe ta ɗauki sunansa, ba ɗaya daga cikin littattafan nan da ya kai shi can. Malam Aminu Kano, wanda ya koyar a makarantar horon malamai ta Maru kafin ya bar aiki a 1950, ya kan rubuta wasanninsa da kansa domin 'yan makaranta, bai jira Zariya ba. Maru kuwa tana nan maƙwabtaka da Bunguɗu, har yanzu ana horon malamai a cikinta.