Jinjina ga masu rigar dalma

Idan aka kawo yaro daga Shinaka ko Wurno ko Rabah zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, yana haki, leɓɓansa sun yi duhu, likita iyaye suke tunawa. Ba kasafai ake tuna wanda ya ɗauki hoton ƙirjinsa ba, alhali aikinsa na lissafi ne da tsoron Allah.

Hasken eksire, wanda Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano a 1895, ya fi yi wa yaro illa fiye da babba, domin jikinsa yana cikin girma, kuma shekarun da cuta za ta iya ɓulla suna gabansa da yawa. Abin ya fi nauyi idan za a zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi har zuwa zuciya don toshe rami ba tare da an tsaga ƙirji ba, saboda a nan hasken yakan ɗauki mintuna yana aiki. Gwanin ma'aikaci yakan rage ƙarfin na'ura daidai da nauyin yaron, ya taƙaita hasken ga wurin da ake bukata kaɗai, ya lallashi mai kuka ya natsu don kada a maimaita hoto. Wani lokaci ma yakan tuna wa likita cewa hoton sauti, wanda ba ya amfani da wannan haske, zai wadatar.

Duk wannan yana yin sa sanye da rigar dalma mai nauyi, cikin zafin Sakkwato na watan Afrilu.