Tsokaci a Kan Dangantakar Samba da Kiɗan Taro a Fagge da Sabon Gari

Akan ji wasu masu sha'awar kiɗa suna cewa sambar Birazil 'yar Hausa ce. Hujjarsu ita ce ɗimbin Hausawan da aka kai Bahiya a bauta, waɗanda suka ƙulla tawaye a 1807, suka kuma sa hannu a boren Musulmi na 1835. Wannan gaskiya ne, amma fa bore daban, kiɗa daban. A ra'ayin galibin masana, kalmar ta fito ne daga "semba" ta harshen Kimbundu na Angola. Daga Bahiya kiɗan ya gangara birnin Riyo, inda faifan "Pelo Telefone" ya fito a 1917, aka kuma kafa ƙungiyar Deixa Falar a unguwar Estácio a 1928. Babu kalangu a cikin wannan zance.

In dai dangantaka ake nema, to, ta Ikko ta biyo. 'Yantattun bayin da suka komo daga Birazil, watau Aguda, su ake jingina wa wata 'yar ganga mai kusurwa huɗu da Yarabawa ke kira samba. Ta shiga kiɗan ashiko, sa'an nan juju. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, juju kuwa daga bisani ya bi Yarabawa zuwa Sabon Gari.

Abin da ya fi cancantar nazari shi ne wa ke da ikon taɓa ganga. A Riyo unguwa ce ke da kiɗan: birkila da leburan tasha da ɗalibi sukan jeru su ɗari biyu ko fiye, usur ɗin shugaba guda yana juya su, gari ya waye kowa ya koma sana'arsa. A Fagge kuwa, kamar sauran ƙasar Hausa, kiɗa gado ne, kuma sana'a yake bi. Kalangu na mahauta ne da 'yan dambe. Makaɗi yana da ubangida, yana jiran kari. Ɗan malam ko ɗan attajiri ba ya rataya ganga don nishaɗi, gudun kada a kira shi maroƙi. Sabon Gari, da ke maƙwabtaka da Fagge, ba ta san wannan shinge ba, domin a coci da taron 'yan gari ɗaya akawu ma yakan buga.

Inda Bahaushen Kano ya ketare shingen shi ne bandirin Ƙadiriyya, musamman ranar maukibi. A nan tela da ɗan kasuwa sukan buga tare, ba wanda ke jiran kari. Kamar a tsari take kurum, don manufar bandiri zikiri ce.